"Ai ya taɓa kai dala 160": yadda nake karanta tsohon farashin hannun jarin kamfanin haƙar mai

Ƙanina ne ya turo min hoto cikin dare, zanen farashin hannun jarin Transocean, wani kamfanin haƙar mai a teku, tun daga 2007, layin ya hau can sama sannan ya gangaro yana ta gangarowa har ya kwanta a ƙasa. A ƙarƙashin hoton ya rubuto min, "Yaya dubi nan, abin da ya taɓa kai dala 160 yanzu ko dala 10 bai kai ba, in ya koma ko rabin inda yake a da ai mun warke." Ina karantawa gabana ya faɗi, don irin wannan lissafin ne sak na taɓa yi da kaina shekarun baya kuma na san inda ya kai ni. Na kira shi a take, muka fi awa ɗaya a waya, daga baya na ga gara in zauna in rubuta abin da na faɗa masa don na tabbata ba shi kaɗai ne yake kallon irin wannan zanen yana ƙirga riba a zuci ba.

Abu na farko da na tambaye shi, ka san me kamfanin nan yake sayarwa? Ya ce mai. Na ce a'a, kuma nan ne yawancin mutane suke fara ɓata. Kamfanin haƙa ba shi da rijiya, ba shi da ganga ko ɗaya ta ɗanyen mai, abin da ya mallaka injinan haƙa ne da jiragen ruwa masu haƙa a tsakiyar teku da ma'aikatan da suka iya sarrafa su. Manyan kamfanonin mai irin su Shell da BP da Petrobras su ne suke ɗaukar hayar jirgin, su biya kuɗi kullum kullum na tsawon kwangilar, wata shida ko shekara uku ko biyar. Wato ɗan haya ne. In mai ya yi tsada kowa yana son sabuwar rijiya, jirage su yi ƙaranci, kuɗin haya ya tashi, a wajen 2013 zuwa farkon 2014 jirgin da yake haƙa a ruwa mai zurfi sosai ana ɗaukar shi sama da dala 600,000 a rana ɗaya. Da kasuwa ta juya kuwa irin wannan jirgin ya dawo ƙasa da dala 200,000, da yawa ma ba su samu mai ɗauka ba sam, aka ɗaure su a bakin teku ana ta kashe kuɗin gadinsu da kula da su, ga bashin da aka ci aka ƙera su yana nan yana jiran biya. Duk hawa da saukar da ka gani a zanen nan, wannan labarin ne a bayansa.

To sai teburin kansa. In ka shiga shafin Yahoo Finance ka rubuta RIG, wato alamar Transocean a kasuwar New York, ka danna wajen tsohon farashi, za ka ga layi layi, kowace rana da nata: farashin da aka buɗe kasuwa da shi, mafi tsadar da ya kai a ranar, mafi arha, wanda aka rufe da shi, sai yawan hannun jarin da aka yi cinikinsu. Waɗannan ba wuya. Wanda yake rikita mutane shi ne layin da suka rubuta wa Adj Close, farashin rufewa da aka gyara. An koma baya ne an sake lissafa tsofaffin farashi don a shigar da ribar da kamfani ya riƙa raba wa masu hannun jari da kuma duk wani sauyi da aka yi wa adadin hannun jarin. Saboda haka in kana so ka san nawa mutum ya samu ko ya rasa da ya saya a 2012 ya riƙe har 2019, gyararren za ka duba. In kuma so kake ka san nawa aka saye shi da gaske a wata rana, misali kana gwada shi da takardar cinikinka, to wancan na rufewa ne ya fi kusa, duk da cewa shi ma yawancin shafuka sun riga sun gyara shi a kan rabawa ko haɗewar hannun jari ba tare da sun ja kunnenka ba.

Wannan haɗewar ita ce na fi daɗewa ina yi masa bayani. Kasuwar New York tana da doka, in matsakaicin farashin hannun jarinka ya zauna ƙasa da dala 1 na kwanakin ciniki 30 a jere za su aiko maka da gargaɗi, in ba ka gyara ba su cire ka. To kamfanin da ya ga yana nutsewa sai ya ce kowane hannun jari kaza sun zama guda ɗaya. Nabors, mai haƙa a kan tudu, ya yi haka a Afrilun 2020, ya haɗe 50 suka zama 1. Mai guda 1,000 ya wayi gari da 20, farashin kowanne ya ninka sau 50, kuɗinsa bai ƙaru da ko sisi ba. Amma kalli abin da hakan ya yi wa tarihi: duk tsohon farashi sai an ninka shi sau 50 don layin ya haɗu, shi ya sa in ka buɗe zanen Nabors za ka ga kamar a 2008 ya haura dala 2,000, alhali a wannan shekarar wajen dala 50 ya tsaya, babu ɗan'adam ɗin da ya taɓa ciro dala 2,000 ya sayi guda ɗaya. Wanda bai san wannan ba zai zauna yana jiran komawar farashin da bai taɓa wanzuwa ba.

Ƙanina ya ce to Yaya ai Transocean bai yi irin wannan haɗewar ta 50 ba. Na ce gaskiyarka, amma shi nasa ta wata ƙofar ya shigo, kuma wannan ne ainihin abin da ya sa na ɗauki waya na kira ka. Farashin guda ɗaya ba ya gaya maka darajar kamfani sai ka ninka shi da yawan hannun jarin da ke hannun mutane. A 2008 lokacin da farashin ya kai wajen dala 160, hannun jarin Transocean duka duka kimanin miliyan 320 ne. Ninka ka gani, wajen dala biliyan 51 ke nan, a shekarar da gangar mai ta taɓa dala 147 a watan Yuli, kasuwar da ba a taɓa ganin irinta ba. Daga nan kamfanin ya yi ta fitar da sabbin hannun jari, ya sayi kamfanonin haƙa na Songa Offshore da Ocean Rig a 2018 ya biya wani ɓangare da hannun jari, ya sayar da wasu a kasuwa don ya samu kuɗin rage bashi, wasu masu bin sa bashi aka mayar musu da bashinsu hannun jari, har adadin ya haura miliyan 800. Na ce masa ɗauko kalkuleta. Rabin da kake fata dala 80 ne, ninka da miliyan 800. Ya yi shiru, ina jin ƙarar danna wayarsa, can ya ce dala biliyan 64. Na ce to ka ji, kafin farashin ya koma "rabi" kawai sai darajar kamfanin ta wuce wadda ya yi a shekarar da ta fi kowace kyau a tarihinsa. Ban ce ba zai taɓa yiwuwa ba, Allah ne masanin gobe, amma abin da zanen ya nuna maka kamar ɗan taku ne ashe doguwar tafiya ce, kuma zanen ba zai taɓa faɗa maka hakan ba don babu layin yawan hannun jari a cikinsa, sai ka je rahoton shekara na kamfanin ka nemo, yana nan a shafin farko na takardar 10-K da suke miƙa wa hukumar SEC mai kula da kasuwar hannun jari ta Amurka, kyauta ne kowa zai iya buɗewa.

Ni tawa ta fi wannan muni. A 2019 na sayi hannun jarin wani kamfanin haƙa na teku, ba sai na kama suna ba, dalilina ɗaya tak, ya faɗi fiye da kashi 90 cikin ɗari daga inda yake a da, na ce ina kuma zai je. Ban buɗe takardar bashinsa ba, ban duba yaushe kwangilolinsa za su ƙare ba, zanen kawai na kalla. Shekara ta zagayo annoba ta zo, jirage suka daina tashi, motoci suka tsaya, ranar 20 ga Afrilun 2020 farashin man Amurka na WTI ya faɗi ƙasa da sifili, wajen dala 37 a ƙasa, kamfanin ya tafi kotu neman kariya daga masu bin sa bashi, aka soke tsofaffin hannun jari, masu bashi suka zama sabbin masu kamfani. Jiragen suna nan, ma'aikata suna zuwa aiki, sunan yana nan, mu ne kawai babu mu a ciki. Na daɗe ina jin ciwon abin, ba don yawan kuɗin ba, don duk bayanin da zai hana ni saya yana nan a fili ni ne ban karanta ba.

Kuma ba kamfani ɗaya ba ne. Diamond Offshore ya shiga kotu a Afrilun 2020, Noble a Yuli, Valaris a Agusta, shi Valaris ɗin ma shekara ɗaya da 'yan watanni ke nan da haɗuwar Ensco da Rowan ta haife shi. Seadrill na attajirin jiragen ruwan nan John Fredriksen sau biyu ya shiga, Satumbar 2017 ya fito Yulin 2018, ya sake komawa Fabrairun 2021 ya fito Fabrairun 2022, a karon farko tsofaffin masu hannun jari wajen kashi 2 cikin ɗari na sabon kamfanin aka bar musu, a karo na biyu ko kashi 1 bai kai ba. Abin da nake so mai karatu ya riƙe a nan shi ne yadda wannan yake bayyana a teburin farashi, ko in ce yadda yake ɓacewa. Buɗe tarihin Valaris yau, za ka ga ya fara ne daga Mayun 2021, kuma cikin shekara biyu ya ninka fiye da biyu, zane mai kyau abin sha'awa. Shekarun da suka cinye dukiyar mutane an yanke su, suna ƙarƙashin wata tsohuwar alama da ba a cinikinta yanzu. Shi ya sa duk lokacin da na ga tarihin tsohon kamfani ya fara daga kwanan nan, tambayata ta farko ita ce me ya faru kafin ranar. Wasu shafukan kuma akasin haka suke yi, su manna tsohon layi da sabo kamar abu ɗaya ne, alhali wanda ya riƙe na da ba shi ne ya ci ribar na yanzu ba.

Kar wani ya ɗauka cewa nake tsohon farashi ba shi da amfani, wallahi yana da shi sosai, ni yanzu ba na taɓa kamfani sai na sauke tarihinsa na aƙalla shekara 15 na zuba a Excel. Amfanin da nake yi da shi ne ya canza. Da ina nema ya gaya min inda farashi zai je, yanzu ina nema ya gaya min halin kamfanin.

Ga yadda nake yi. Na ɗauki farashin ƙarshen kowane wata, ba na kullum ba don na kullum hayaniya ce kawai, na sa farashin gangar Brent, ɗanyen man da ake auna farashin duniya da shi, a gefensa na wannan watan, sai in mayar da su duka biyun su fara daga 100 don in ga wa ya fi wa gudu. Abin da za ka gani kusan kullum shi ne hannun jarin mai haƙa yana ƙara wa motsin mai gishiri, in mai ya sauka kashi 20 shi sai ya sauka 40 ko fiye, saboda kuɗin da yake kashewa ba ya raguwa da sauri kuma ga bashi. Za ka kuma ga wani abu da ya fi wannan muhimmanci, hannun jari yana riga ribar kamfani motsawa. Dubi 2014. A Yuni Brent yana wajen dala 115, ya fara zamewa, ƙarshen Nuwamba ƙungiyar OPEC ta zauna ta ƙi rage haƙowa, zuwa Janairun 2016 ya faɗi ƙasa da dala 30. A cikin wannan lokacin kamfanonin haƙa da yawa suna ta shigar da kuɗi masu kauri don tsofaffin kwangilolin masu tsada ba su ƙare ba, wanda ya kalli kuɗin shiga kawai zai ce kasuwa ta yi kuskure, abin ya yi araha. Kasuwa kuwa kwangilar gaba take kallo, wadda babu ita. Seadrill a 2014 yana raba dala 1 a kan kowane hannun jari duk wata uku, dala 4 a shekara a kan abin da ake saya wajen dala 40 a tsakiyar shekarar, mutane da yawa don wannan rabon suka shiga, a Nuwamba kamfanin ya ce ya dakatar da rabon gaba ɗaya. Faɗuwar da farashin ya riƙa yi watanni kafin sanarwar ita ce gargaɗin. Araha ba ta ado, in ka ga rabon riba ya yi yawa a kan farashi fiye da hankali to akwai abin da masu sayarwa suka hango.

Layin yawan ciniki ma ina amfani da shi kamar ɗan jagora. Na jera teburin daga ranar da aka fi ciniki zuwa ƙasa, na ɗauki kwanaki goma na sama, kowace rana na je na nemo labarin da ya fito a ranar. A tarihin Transocean wannan zai kai ka kai tsaye ga makonnin da suka biyo bayan 20 ga Afrilun 2010, ranar da Deepwater Horizon, dandamalin kamfanin da BP ya ɗauka haya a mashigin tekun Meziko, ya yi bindiga ya kama da wuta, mutum 11 suka rasu, mai ya yi ta malala cikin teku kusan wata uku. Cikin wata biyu farashin hannun jarin ya zube kusan rabi. Wannan ba shi da alaƙa da tsadar mai ko arharsa, haɗarin sana'ar ne kanta, kuma ina ganin bai kamata mutum ya kalli wannan gangarar a zane ya manta cewa rayuka ne a bayanta ba. In ka yi wa kwanaki goman nan haka ɗaya bayan ɗaya, za ka fito ka san kamfanin fiye da wanda ya shekara yana kallon layi yana hawa yana sauka.

Sai lissafin kashi, wanda yake da sauƙi amma zuciya ba ta son karɓarsa. Abin da ya faɗi daga 100 zuwa 20 ya rasa kashi 80. In ka saya a 20 ya koma 10, a babban zanen ɗan motsi ne da ido ba zai ma gani ba, kai kuwa rabin kuɗinka ne ya tafi. Daga 10 zuwa 5 wani rabin. Transocean kansa a 2020 ya sauka ƙasa da dala 1, wanda ya saya a dala 10 yana cewa ya kai ƙasa ya ga kashi 90 na kuɗinsa sun narke kafin ya farfaɗo. Shi ya sa nake sauya zanen zuwa ma'aunin da yake nuna kashi maimakon dala, yawancin shafuka suna da maɓallin, an rubuta Log a jikinsa, a nan faɗuwa daga 10 zuwa 5 tsawonta ɗaya da faɗuwa daga 100 zuwa 50, sai ka ga shekarun da suka yi kama da kwanciya a ƙasa ashe cike suke da ramuka. Kuma daga nan nake yanke nawa zan sa. In tarihi ya nuna min abin nan ya sha rasa kashi 70 ko 80 cikin shekara ɗaya, to kuɗin da zan iya ganin ya zama haka in yi barci shi kaɗai zan sa.

Masu haƙa a tudu irin su Helmerich & Payne nasu ya ɗan bambanta, kwangilarsu gajera ce don haka suna saurin faɗuwa suna saurin tashi, abin da ake gwada farashinsu da shi shi ne ƙidayar injinan haƙa da kamfanin Baker Hughes yake fitarwa duk mako. A Amurka ƙidayar ta haura 1,900 a kakar 2014, ta dawo 404 a Mayun 2016, ta sauka 244 a Agustan 2020. Sa wannan a gefen farashin ka ga yadda suke tafiya tare.

Da muka zo ƙarshen wayar ƙanina ya ce to Yaya in saya ko kar in saya. Na ce ba zan yanke maka ba, kuɗinka ne, amma ga aikin da za ka yi min kafin mu sake magana. Ka nemo yawan hannun jarin kamfanin na kowace shekara tun 2008 ka rubuta a gefen farashin. Ka nemo jimlar bashinsa da shekarun da kowane kaso zai cika. Ka buɗe rahoton jiragensa da yake fitarwa duk wata uku, wanda yake jera kowane jirgi da wanda ya ɗauke shi haya da kuɗin rana da ranar ƙarewar kwangila, ka ƙirga guda nawa ne aikinsu zai ƙare kafin babban bashi na gaba ya cika. Bayan kwana huɗu ya turo min teburin, ya yi shi da kyau har da launi, ya kuma ƙara wani layi da ban ce ya sa ba, darajar kamfanin gaba ɗaya a kowace shekara idan an haɗa da bashi. A ƙasa ya rubuta cewa akwai jirage uku da bai gane ko an sabunta kwangilarsu ba, zai jira rahoto na gaba ya fito ya duba tukuna.